Sihirin Littafi da Sharaɗin Gatana

A Gamu, kamar sauran garuruwan gundumar Gure, idan an kai gero rumbu rani ya kama, wasa iri biyu ne ke cin lokacin mutane. Da rana maza ne a inuwa, an tona gurabu talatin a rairayi, wannan yana riƙe da tsinkaye goma sha biyu, wancan da tsakuwa ko kashin raƙumi goma sha biyu, ana buga dara. Da dare kuma yara ne a tsakar gida sun kewaye kaka ko gwaggo, ana gatana. Dara doka ce zalla, babu labari a cikinta: ka jera 'ya'ya uku ka ci, ka jera huɗu ka yi aikin banza, kuma da mai gari da baƙo duk haka za su bi. Gatana kuwa labari ce zalla, dokarta tana bakin mai bayarwa, ba wanda zai tsayar da ita don ta sa kare ya yi magana.

A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan da ya zaunar da waɗannan biyu a tabarma ɗaya. Sunansa Dungeons & Dragons, kamfanin TSR ne ya buga shi a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin, 'yan ƙasidu uku a cikin kwali, kwafi 1,000 a bugun farko, kowane a kan dalar Amurka 10. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna, kowa ya ɗauki mutum guda na cikin labari ya zama shi, wannan mayaƙi, wannan mai sanɗa, wancan matsafi. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, shi zai ce musu ga ku a bakin wata rijiya, ga dodo ya hana ɗiban ruwa, me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai aikata. In abin mai wuya ne sai a jefa ƙwaya irin ta lido, sai dai tasu akwai mai fuska 4, da 6, da 8, da 10, da 12, da 20, lambar da ta fito ita ke raba gardama. Ke nan masu sauraro sun shiga cikin gatanar da ƙafarsu, kuma jagoran da kansa bai san inda za ta ƙare ba.

Takobi bai cika kawo rigima a irin wannan wasa ba, don kowa ya san iyakar abin da takobi ke yi. Sihiri ne matsalar. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli yara suna wasan yaƙi ya san yadda abin ke ƙarewa. Wannan ya ce na ɓace. Wancan ya ce ai ina da abin da ke ganin ɓatacce. Na farko ya ce nawa ya fi naka, daga nan sai kokawa da kuka, wasa ya watse. Abin da ba shi da iyaka ba a iya wasa da shi tsakanin mutum biyar. Hanya biyu na sani da aka bi aka yi wa sihirin labari takunkumi. Ɗaya ta masu waɗannan littattafai ce, ɗaya kuma ta kakanninmu ce a gatana, kuma ina ganin ranar da wani matashi a Damagaram ko Kano zai zauna rubuta irin wannan wasa da Hausa, zaɓin da zai yi tsakanin su shi ne zai raya aikinsa ko ya kashe shi.

Gygax ya aro maganinsa ne daga marubuci Jack Vance, wanda a littafinsa The Dying Earth na 1950 matsafa ke haddace surkulle, da zarar sun furta shi sai ya goge daga kansu. Haka aka mayar da shi doka. A dokar 1974, matsafin da ya fara wasa sihiri ɗaya tak yake da shi a yini, in ya kashe shi da hantsi to sai gobe, sauran yinin yana raɓe a bayan mayaƙa da 'yar wuƙarsa. Kowane sihiri kuma an auna shi an rubuta. Ɗauki wanda suka fi alfahari da shi, dunƙulen wuta, yadda yake a bugun 2014. Yana hawa na uku. Ana jefa shi har nisan ƙafa 150. In ya fashe yana cin ƙafa 20 ta kowace fuska daga inda ya faɗa. Ɓarnarsa sai an jefa ƙwaya takwas masu fuska shida an tara, wato daga 8 zuwa 48, wanda kuma ƙwaya ta ba shi sa'ar kaucewa rabi kawai zai sha. Har kayan haɗinsa an faɗa, ɗan kashin jemage da farar wuta. Babu abin da aka bar wa gardama. Ko yaron da ya fi kowa baki ba zai ce wutarsa ta kai ƙafa 200 ba, don ga shafi a buɗe.

Daga nan sai littattafan ƙari suka ɓarke. Greyhawk na 1975 ya ɗaga sihirin matsafa daga hawa shida zuwa tara. Eldritch Wizardry na 1976 ya kawo shaiɗanu da ƙarfin tunani. Aka yi Tome of Magic a 1991, aka yi Spell Compendium a 2005 wanda ya tara sihiri fiye da 1,000 a littafi guda, aka yi Xanathar's Guide to Everything a 2017 da Tasha's Cauldron of Everything a 2020. Wasu kamfanonin ma suka bi sahu da nasu tsarin. A GURPS Magic na kamfanin Steve Jackson Games, wanda ya fito a 1989, sihiri karatu ne mai hawa-hawa: ba ka isa ka jefa dunƙulen wuta ba sai ka koyi ƙirƙirar wuta da sarrafa ta, kuma kowane aiki yana rage maka ƙarfin jiki. Dalilin yawan nan ba ɓoyayye ba ne. Littafin asali sau ɗaya ake sayensa, ƙarin dokoki ne ke riƙe kasuwa, kuma ba abin da ɗan wasa ke saurin buɗe aljihu dominsa kamar sabon iko ga mutuminsa.

To, bari mu koma tsakar gida. Gatanar Ruwan Bagaja ta girmi littafin Abubakar Imam na 1934 da ya ɗauki sunanta, labarinsu ma ba ɗaya ba ne. Yadda aka fi ba da ita, yarinya ce kishiyar uwa ta tura ta wanko ƙirgi a ruwan Bagaja, ruwan da ba wanda ya san inda yake. A hanya ta ratsa gulabe na abinci, kowanne ya yi mata tayi, ta yi godiya ta wuce. Ta isa wata bukka ta tarar da cinya da kare, cinyar tana gurnani karen yana fassara. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi tambayar rainin hankali ba, ta durƙusa ta gaida su. Aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi ɗaya aka ce ta dafa. Ta zuba yadda aka ce, tukunya ta cika. Da za ta tafi aka ajiye mata ƙwai biyu, ta ɗauki ƙaramin, aka kuma gindaya mata sharaɗi: duk inda ta tambaya ko ta fasa ta ji an amsa mata, kada ta fasa, sai inda ta ji shiru. Ta kiyaye. Da ta fasa sai ga dawaki da bayi da dukiya, aka raka ta gida da kiɗa. 'Yar kishiya ta bi hanyar nan ɗin, ta ci a kowane gulbi, ta yi wa cinya ba'a, ta raina ƙwayar shinkafa, ta zari babban ƙwai, ta fasa shi a inda aka amsa mata, abin da ya fito ya rako ta gida da kunya.

Wanda ya ce babu doka a nan bai saurara ba. Dokar tana da tsauri ƙwarai, sai dai ba irin tambayar littafi take amsawa ba. Ba wanda ya taɓa tambayar kaka dawaki nawa ƙwan zai iya fitarwa, ko nisan ƙafa nawa yake aiki. Abin da gatana ke faɗa filla-filla shi ne wa ya ba da abin, me ya gani a gare ka kafin ya bayar, me ya hana ka, kuma me zai same ka in ka ƙetare. Haka yake a Ta-kitse, wadda aka aurar da sharaɗin kada ta kusanci wuta ko rana, aka saɓa ta narke. Haka yake ga Gizo da hankaki. Sun tausaya masa, kowane ya cire gashi ɗaya ya ba shi don ya bi su ɓauren da ke tsakiyar ruwa. Da ya isa sai ya hana kowa taɓawa, duk ɗan da hankaka ya nufa sai ya ce nasa ne, shi ya riga gani. Kowa ya zare gashinsa suka tashi suka bar shi a kan reshe, ruwa ta ko'ina. Tashin nan na Gizo aro ne, kuma mai aro yana da ikon karɓar kayansa. Gatana ma takan ƙirga wani lokaci, kamar inda ake ba mai gudun dodo abu uku da zai jefa baya, kowanne sau ɗaya, wannan ya zama kurmi wancan ya zama kogi. Amma ko a nan wani ne ya ba shi, kuma da dalilin da ya sa aka ba shi.

In za a yi adalci, akwai inda littafi ya yi wa gatana nisa, kuma ba ƙaramin wuri ba ne. Mai gatana ba ta da abokin hamayya. Yara suna amsa mata, suna taya ta waƙa, amma ba su da zaɓi. 'Yar kishiya ba za ta taɓa ɗaukar ƙaramin ƙwai ba ko za a ba da labarin sau dubu, an riga an yanke mata hukunci tun kafin ta fita ƙofar gida. A wasan littafi kuwa rubutacciyar doka tana hawa kan jagora kamar yadda take hawa kan kowa. Ƙaramin yaro mai kunya yana iya sa yatsa a kan layi ya ce, "Yaya, ai nan an ce rabi zan sha," kuma dole babba ya janye. Wannan abu ina ganin girmansa, don ba wurare da yawa yaranmu ke samu ba inda rubutu ke rinjayar babba a gabansu cikin raha, ba tare da an kira shi rashin kunya ba. Ga kuma lissafi da ke shiga ba a sani ba. Yaron da ke gudun allo a lakwal zai tara ƙwaya takwas ya raba biyu kafin ka ƙifta ido, saboda ran mutuminsa ne a kai. Sannan ƙarancin da Gygax ya ƙaƙaba yana haifar da shawara ta gaske. Mai sihiri ɗaya a yini dole ya yi tunani: in kashe shi a kan kurayen nan, ko in adana don abin da ke cikin kogo? Gatana ba ta taɓa ɗora wa mai sauraro irin wannan nauyi ba.

Sai dai littattafan ƙari su ne suka fara cin wannan adalci da kansu. Muddin sihirin duka yana cikin ƙasida guda da kowa ya karanta, 'yan wasa daidai suke. Da ya zama dubu, warwatse a littattafai goma, sai wanda ya fi kuɗin saye da lokacin bincike ya zo da haɗin da ba wanda ya sani, jagora ma bai taɓa gani ba. Wasa ya tsaya ana ta buɗe shafuka, sauran suna hamma. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Manyan littattafai uku na bugun 2014 da suka fito kowanne kusan dalar Amurka 50 aka sa masa, kafin a zo maganar ƙari, kuma da Ingilishi ko Faransanci. A Gamu wannan ya riga ya fitar da kusan kowa daga fili.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne, asalin ikon ne. A dokar 1974 mutuminka yana girma ne da makin da yake samu daga kashe dodanni da kwasar dukiya, kowane tsabar zinari maki ɗaya. Ya tara ya hau mataki, ya hau mataki ya sami sabon sihiri. Ba wanda ya ba shi, ba wanda yake bin sa bashi, ba tsohuwar da ya cuɗa wa baya a bakin rafi, ba alkawarin da zai iya karyawa. Jerin sihirin yana nan kamar kayan kanti, kowanne da farashinsa, mai maki ya ɗauka ya wuce. Bugu na baya-bayan nan sun sassauta maganar zinari, amma ginin bai sauya ba: iko mallakarka ne, tambaya ɗaya ita ce nawa ya rage maka yau. Kuma abin da aka auna har ƙarshe ba ya ba da tsoro. Ɗan wasan da ya san dunƙulen wutarsa yakan faɗa wajen 28 ba ya jin gabansa ya faɗi in ya jefa. Yarinyar da ke riƙe da ƙwai a daji tana jin muryoyi suna ce mata ta fasa, ita kam tana cikin abin da ya fi ƙarfinta, yaran da ke sauraro ma sun ƙanƙame juna.

Masu tsara wasannin da kansu sun ji wannan rashi, kuma mafi kyawun aikinsu tafiya ce zuwa inda gatana take tun da. A 1987 Jonathan Tweet da Mark Rein-Hagen suka fitar da Ars Magica, inda maimakon dogaro da jeri kawai suka ba sihiri nahawu: aikatau biyar, wato ƙirƙira, ganewa, sauyawa, rusawa da sarrafawa, da sunaye goma irin su ruwa, wuta, iska, ƙasa, dabba, tsiro, jiki da hankali. Ɗan wasa ya haɗa ɗaya da ɗaya ya ƙirƙiro abin da yake so a nan take. Ginshiƙin tsarin bai fi shafi guda ba, amma ya buɗe ƙofa hamsin. A 1992 TSR ta fitar da Al-Qadim na Jeff Grubb, wanda aka gina a kan duniyar Dare Dubu da Ɗaya, a ciki akwai matsafin da ba ya haddace komai, ɗan aljani yake aika ya roƙo masa sihiri, ya jira, wani lokaci ɗan aiken ya dawo hannu rabbana. Nan iko ya koma hulɗa. Hatta a bugun 2014, sihiri mafi girma, wanda ke biya wa mutum duk burin da ya faɗa, an rataya masa sharaɗi: in ka nemi abin da ya wuce iyaka, akwai yiwuwar kashi 33 cikin 100 ba za ka ƙara iya yin sa ba har abada. 'Yan wasa sun fi ba da labarin irin wannan a kan kowane dunƙulen wuta. An kuma yi wasannin da aka gina a kan Afirka, Nyambe na Chris Dolunt a 2002, Spears of the Dawn na Kevin Crawford a 2013, da The Wagadu Chronicles na Allan Cudicio. Ƙoƙari ne mai kyau, sun kawo kakanni da iskoki da maƙera cikin wasa, amma ƙashin bayan dokokinsu na tebur daga gidan Gygax yake, riga ce aka sauya, awon yana nan.

Akwai kuma maganar da ba za a tsallake ta a ƙasar Musulmi ba. Amurka ta yi nata tashin hankalin a shekarun 1980, lokacin da Patricia Pulling ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan a 1983 bayan mutuwar ɗanta, tana cewa yana koya wa yara tsafi. Kotu ta kori ƙararrakinta, amma matsin ya kai TSR ta cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. A can, yaron da ya karanta kashin jemage da farar wuta ba shi da inda zai je ya ga ana sayar da irin wannan da sunan gaskiya. Mu a nan ba haka ba ne. Layar zana, baduhu, sagau, kau-da-bara, kurciya, maganin ƙarfe, duk sunaye ne da ake faɗa da gaske, akwai masu saye akwai masu sayarwa. Duk wanda ya kalli kokowar takobi ta ƙasa ya ga yadda 'yan kokowa ke shiga fili ɗauke da guraye da layu. Wanda ya ɗauki tsarin Gygax ya fassara shi kai tsaye, ya jera waɗannan da kayan haɗinsu da adadin kwanakinsu, kundin boka ya rubuta ko da bai nufa ba, kuma uban da ya raba ɗansa da shi bai yi laifi ba. Gatana ta daɗe da kare kanta daga wannan. Ana buɗe ta da kalmomin da kowa ya san na shiga ƙarya ne, ana rufe ta da ƙurunƙus da ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar, kuma bisa al'ada ba a yin ta da rana. Jarumarta ba ta koyon tsafi, ba ta furta surkulle, babu abin da yaro zai ɗauka ya gwada a bayan gari. Abin da zai iya kwaikwaya kawai shi ne gaisuwa da haƙuri da riƙe alkawari. Ita ƙwayar jefawar ma malamai da dama suna ƙyamarta saboda hadisin da ya zo a kan wasan nardu, kuma ba dole ba ce. Erick Wujcik ya fitar da wasan Amber a 1991 babu ƙwaya ko ɗaya, mu kuma muna da ƙuri'ar tsinke, dogo da gajere a dunƙule a hannu.

Saboda haka ni a wajen gatana na tsaya game da abin da sihirin zai ƙunsa, amma ba na yarda a bar shi a bakin jagora. Daga littafi abu ɗaya nake so a ɗauko, wato a rubuta tun kafin a fara, a karanta wa kowa, ya hau kan babba da yaro. Kaye guda na 'yan lakwal ya isa, da boko ko da ajami. Kowane abin mamaki a ba shi layi huɗu: wa ke ba da shi, me yake nema, me ya hana, me ke biyo bayan saɓawa. A ce gashin hankaki. Masu bayarwa hankaki ne, kowane gashi ɗaya. Abin da suke nema a raba abin da aka samu da su. Abin da suka hana, ka ce da wani abu naka ne kai kaɗai muddin kana sama. In ka faɗa, kowa ya zare nasa a inda kake. Shi ke nan, an gama dokar tashi sama, ba ƙafa nawa ba daƙiƙa nawa. Aikin jagora kuma ya zama jarrabawa. Ya kai 'yan wasa kan ɓauren, ya sa a cikin kogon itacen akwai zoben da uwar ɗayansu ta ɓatar, hankaka ya miƙa baki zai ɗauka. Yanzu yarinyar da ke riƙe da wannan mutumin ita za ta zaɓa, ta yi shiru zoben uwarta ya tafi, ko ta ce nawa ne ta zauna a tsakiyar ruwa, ko ta nemi wata dabara ta yi ciniki da hankakan. Ba kaka ce ta zaɓar mata ba, ba kuma ƙwaya ba. A irin wannan wasa 'yar kishiya tana iya ɗaukar ƙaramin ƙwai, 'yar kirki kuma tana iya kasa haƙuri ta fasa a inda aka amsa.

Kayan aikin suna nan jibge. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, R. S. Rattray ya buga waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a 1913, Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, ga kuma waɗanda ke bakin tsofaffi ba a taɓa rubutawa ba. Masu so ma akwai su, matasan da ke bin littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini suna sauraronsu a waya su ne farkon waɗanda za su zauna. Amma ba duk abin da ke cikin gatana zan kwaso ba. Ƙwan 'yar kishiya kutare da makafi yake fitarwa a matsayin horo, kuma ba zan so a zauna wasa da yaron da kakansa makaho ne a ce masa wannan shi ne sakamakon mugun hali ba. A sa ƙudaje da jakuna masu gardama, dariyar ba za ta ragu ba. Haka kishiya, ba dole kullum ita ce muguwa ba a gidan da 'ya'yan ɗakuna biyu ke zaune a tabarma ɗaya suna wasan.

Gundumar Gure ƙasa ce da Barebari da Hausawa da Fulani da Buzaye da Tubawa ke cin kasuwa ɗaya, kuma sharaɗi mai layi huɗu yana ƙetare harshe cikin sauƙi, yaro ya ji shi da Hausa ya mayar wa ƙanensa da Barbarci bai zubar da komai ba, abin da jerin sihiri dubu ba zai taɓa yi ba. Inda gatana ba za ta taimaka ba shi ne faɗa. In mutum uku suka far wa dodo da sanduna, ba ta da hanyar faɗin wanda ya samu da wanda ya kuskure sai abin da mai bayarwa ta ga dama, kuma a nan ne yara suka fi gardama. Wannan shafin dole a zauna a ƙirƙiro shi da lissafi irin na masu littafi, tsinke nawa mayaƙi zai ja, nawa mai sanɗa, sara nawa dodo zai sha kafin ya faɗi, a gwada shi da yara dare bayan dare har a ga ba ya fifita kowa.